Garkuwa a Kife

A zamanin da, tun ana auna namiji da tabon da ke jikinsa, an yi wani Sarki a wani birni mai ganuwa, wanda ya gaji wata doka daga kakansa. Duk mayaƙin da aka ɗauko gawarsa daga daji ko fagen fama, sai an shimfiɗa ta a ƙofar fada an duba inda rauni yake. In a ƙirji ne ko a fuska, sai a kaɗa masa gangar yaƙi, a rataye garkuwarsa a ƙofar gari tana fuskantar masu shigowa. In kuwa a baya ne, to, an san gudu yake yi mutuwa ta cim masa. Sai a rataye garkuwar a kife, fuskarta na kallon bango, a hana 'ya'yansa da jikokinsa riƙe mashi, maroƙa su cire sunan gidansu daga kirari. Mutanen birnin suna alfahari da wannan doka ƙwarai, musamman waɗanda ba su taɓa zuwa yaƙi ba.

Wata shekara, bayan ruwa ya ɗauke, wata ɓauna ta kama fadamar da ke gabas da gari, inda hanyar fatake ke ratsawa zuwa mashigin kogi. Ɓauna dai saniyar daji ce, kowa ya san ta, amma wannan ta fita daban. An ce wani maharbi ne ya harbe ta bai kashe ba, ta zauna da ciwo, ciwon ya zama haushi. Ba ta cin nama, saboda haka ba yunwa ke sa ta kisa ba. Takan soke mutum da ƙaho ta wurga shi sama, ta jira ya faɗo, ta durƙusa a kansa tana murzawa har sai an kasa bambanta shi da lakar fadama. In mutum ya haye bishiya, sai ta tsaya a gindi ta wuni tana jira, in ƙafarsa ta ɗan zamo ƙasa ta yi ta lasa da harshenta mai kaushi har ƙashi ya bayyana. Fatake suka daina zuwa, gishiri ya yanke a kasuwa, mata suka koma miya da toka.

Sarki ya fusata, ya tashi Jarmai Dogara, babban jarumin fada, mai faɗin kafaɗa da babbar murya, ya ba shi zaɓaɓɓun mazaje, ya ce a kawo masa kanta. Cikin waɗanda aka zaɓa har da wani saurayin mayaƙi mai suna Nomau.

Ba su kawo kai ba, gawar Nomau suka kawo a naɗe da tabarma. Da aka kwance ta, gaba ba ko ƙwarzane, amma bayansa a farke yake tun daga ƙugu har wuya. Jarmai ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun ja daga, mun kusa cin ƙarfinta, sai yaron nan ya tsorata ya zura da gudu. Shi ya ɓata mana sahu. A kan hanyar gida ta cim masa." Sauran mazajen suka sunkuyar da kai suka ce haka aka yi.

Rataye garkuwa kuwa aikin Barde ne, Barden kuma shi ne Anaruwa, yayan Nomau uwa ɗaya uba ɗaya. Anaruwa mutum ne mai ƙarancin magana, ƙirjinsa duk tabon mashi da kibiya, bayansa sumul. Ya kife garkuwoyin mutane da yawa a ƙofar nan, bai taɓa jin tausayin kowa ba, don ya yarda da dokar har cikin zuciyarsa. Ran nan ya hau tsani da garkuwar ƙaninsa, wadda shi da kansa ya yanka masa daga fatar giwa. Ya juya fuskarta bango, ya ɗaure, ya sauko. Wanda ya riƙe masa tsani ya ce ya ji haƙoransa suna ƙara.

Daga nan ɓaunar ta fara girma a bakin mutane. Kowane ɗaya cikin mazajen da suka dawo, in ya zauna a dandali, sai ya ƙara mata wani abu, don gwargwadon girmanta gwargwadon uzurinsa. Wani ya ce tsawonta ya kai soro, wani ya ce hancinta na fitar da hayaƙi, wani ya rantse ya ga mashi ya lanƙwashe a fatarta. Kafin mako ya zagayo ta zama aljana. Sunan Nomau kaɗai ne ke ƙanƙancewa, har yara suka sa shi a waƙar tsokana.

Anaruwa ya je gaida mahaifiyarsu, Inna Yarbaba. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka bisa al'ada ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yaba masa a gaban mutane ba, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", in za ta kira shi sai ta ce "kai". Nomau ne auta, shi take kira da baki cike. Anaruwa ya same ta zaune a ƙofar ɗaki, tulunta a bushe, don rijiyar unguwa tana bayan ganuwa, ita kuwa ta rantse ba za ta bi ta ƙarƙashin garkuwar nan ba.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ina wuni."

Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce, "Kai, an ce da hannunka ka kife ta."

"Aikina ne, Inna."

"Ka yarda ya gudu?"

Ya ce, "Na ga raunin da idona."

Ta ce, "Rauni ka gani, ba ka ga gudu ba. Yaron nan yana rarrafe ya kama kunama da hannu, ta harbe shi, bai sake ta ba sai da na ɓanɓare yatsunsa. Nomau bai iya sakin abu ba, aibinsa ke nan tun yana goye. Tashi ka ba ni wuri."

Maganar nan ta zauna masa a rai, don shi ma ya san halin ƙaninsa. Da gari ya waye ya tafi fada, ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ina roƙon a sake duba maganar Nomau."

Sarki ya haɗe fuska ya ce, "Barde, kai ne mai tsaron dokar nan. Da ta faɗa a kan gidajen wasu ba ka zo ba, sai yau da ta faɗa a kan naku? Rauni yana baya, me ya rage a duba?"

Anaruwa ya ji kunya, don gaskiya Sarki ya faɗa. Sai Waziri Cindo ya gyara zama. Tsoho ne ƙanƙane, mai raunin murya, wanda ya yi wa uban Sarkin nan wazirci, ya kuma ji ƙarya iri-iri har ya san ƙamshinta. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba na jayayya da doka. Sai dai tunda za a sake aika mutane, ya kamata mu san kamannin abin da za su tarar. A ba ni izini in tambayi waɗanda suka gan ta, ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ji amsar wani."

Aka yi haka. Duk wanda aka shigo da shi, tambaya ɗaya Waziri ke yi masa: "An ce ƙahonta ɗaya a karye yake. Na dama ne ko na hagu?" Wannan ya ce na dama, wancan ya ce na hagu, wani ya ce ai ƙaho uku gare ta, na tsakiya ne ya karye. Da aka zo kan Jarmai, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Na hagu ne, ranka ya daɗe. Ni na karya shi da takobina."

Waziri ya ce, "Madalla da jarumi." Ya juya ga Sarki ya ce, "Ko dai ɓaunar nan garke ce, ko kuwa akwai waɗanda ba su tsaya sun dube ta ba."

Sarki ya ce, "Ko duk sun gudu, wannan bai wanke Nomau ba. Bayansa ya ba da shaida a kansa. Barde, ka kawo mini kanta, ka kuma kawo mini hujjar cewa namiji yana iya samun rauni a baya ba da gudu ba. In ka kasa, garkuwar tana nan a kife, kai ma ka ajiye sarautarka."

Waziri ya ce, "Jarmai ya san wurin, sai ya yi jagora. Ni kuma in je a matsayin idon Sarki, don kada a sake kawo mana labari kala-kala." Jarmai, ba don ya so ba, ya ce ya ji ya karɓa.

Suka isa fadamar da hantsi. Ciyawar kyauro ce ta rufe ko'ina, ta fi mutum tsawo, ba iska, ba kukan tsuntsu, sai warin ruɓa da ƙudaje. A gefen hanya akwai wani dutse mai tsayi. Bayin Waziri suka tallafe shi suka hau da shi can ƙoli, inda zai ga fadamar duka a shimfiɗe. Anaruwa ya tuɓe sulkensa, don ba ya hana ƙaho shiga, nauyi kawai zai ƙara masa. Ya riƙe mashi guda biyu, ya ce da Jarmai, "Nuna mini inda kuka ja daga."

Jarmai bai kai ga nunawa ba ciyawa ta dare. Ta fito baƙa wuluk, laka ta bushe a jikinta, kunnuwa a yage, idanu ƙanana jajaye suna zubar da ruwa. Ba ta kai soro ba, ba ta fitar da hayaƙi, amma Anaruwa, wanda ya tsaya gaban dawakin abokan gaba bai ji komai ba, ya ji tsoronta. Ta ɗaga hanci ta dube su, irin duban wanda ya riga ya yanke hukunci. Da ta yi wani gurnani daga can cikin ƙirji, sai Anaruwa ya ji faɗuwar garkuwa a bayansa da ƙarar takun gudu. Bai waiwaya ba, ya san Jarmai ne.

Ta sunkuyar da kai ta taho. Ya bari sai da ya ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarsa, sa'an nan ya jefa mashi, ya yi tsalle gefe. Mashin ya shige ta a kafaɗa. Ta wuce shi da ƙarfi, ta yi tuntuɓe, ta miƙe, maimakon ta juyo sai ta kutsa cikin kyauro ta ɓace.

Ya ɗauki mashi na biyu ya bi jini. Cikin ciyawar nan mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Jinin yana nan a ganye, ja, da ɗumi, ya yi ta binsa yana sanɗa. Ya yi nisa da hanya sosai, sai ya lura sawun yana karkata hagu, yana ƙara karkata, kamar mai zagaya rumbu. Can sai ya fito wani ɗan fili kusa da wani babban suri, inda ciyawa ta kwanta, ƙasa ta yi baƙi da tsohon jini. A tsakiyar wurin ga takalmi ɗaya na fata, mai jan ɗinki. Ya san shi, don tare suka saya a kasuwa.

Nan Nomau ya mutu, a tsakiyar fadama, ba a kan hanyar gida ba. Mai gudu ba ya kawo kansa nan. Anaruwa ya dubi ƙasa, ya ga sabon sawun ɓaunar ya bi gefen surin ya koma baya, ya nufi hanyar da shi kansa ya biyo. Sai ya gane. In an ji mata ciwo, ba gudu take yi ba. Takan ja mai binta cikin ciyawa, ta zagaya ta koma kan sawunta, ta ɓullo masa ta baya. Wanda ya guje mata yana iya tsira da fatarsa lafiya. Wanda ya bi ta har cikin gidanta shi ne take farke wa baya. Hawaye suka zubo masa, ya ce a hankali, "Ka yafe mini, ƙanena."

Ciyawa ta motsa a bayansa. Ya ɗaga ido, ta saman kyauro ya hango dutsen, ya ga farin rawanin Waziri, tsohon yana tsaye yana ɗaga hannu biyu yana nuna masa baya, bakinsa a buɗe, muryar ba ta isowa. Waziri yana ganin komai.

Akwai sauran lokacin juyawa. In ya juya, zai tare ta da ƙirji, wataƙila ya rayu, in ma ya mutu a kaɗa masa ganga. Amma sai a ce ai ga shi, jarumi yana juyowa, Nomau ne bai juyo ba. Takalmi ɗaya ba zai karya dokar kakan Sarki ba, kuma ya san fada, ya san yadda magana ke narkewa a cikinta. Abin da ba za a iya musu ba shi ne bayan Barde Anaruwa, wanda duk ƙasar ta san bai taɓa gudu ba.

Ya durƙusa da gwiwa ɗaya yana fuskantar surin. Ya juya mashin, ya kafe gindinsa a jikin surin, ya matse sandar a hammata, tsinin yana kallon baya. Ya yi kalmar shahada. Ya ji numfashinta, ya ji ƙasa ta ɗauki rawa, bai waiwaya ba.

Ta zo da dukan nauyinta. Mashin ya shige ta a maƙogwaro har ya nutse, sandar ta karye, ƙahonta ya same shi a ƙugu ya keta sama. Ta ɗaga shi ta maka a jikin surin. Ta durƙusa za ta murje shi kamar yadda ta saba, sai jini ya ƙwace mata ta baki da hanci. Ta yi ta tura kai tana neman sa, tana haƙa ƙasa da kofato, har ƙarfinta ya ƙare ta kife a gefensa. Ko da ta mutu idonta a buɗe yake yana kallonsa.

Bayin Waziri suka ɗauko Anaruwa a kan makarar kara, da sauran numfashi, suka yanko kan ɓaunar. Wanzami ya ɗaure raunin, ya girgiza kai. Anaruwa ya ce kada a kai shi gida, a kai shi fada.

Fada ta cika. A bakin zaure ya ce a sauke shi, ya dafa kafaɗun bayi biyu ya shiga da ƙafarsa, yana barin jini a kan shimfiɗa. Da ya zo gaban karaga bai faɗi gaisuwa ba. Ya juya, ya ba Sarki baya. Ba a taɓa yin haka ba a fadar nan, dogarai suka zaburo da kulake, Sarki ya ɗaga hannu suka tsaya. Anaruwa ya ce a kwance ɗaurin. Aka kwance.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga hujjar. A duba ko ya yi kama da na Nomau."

Sarki ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Waziri, gudu yake yi?"

Waziri ya ce, "Na rantse da wanda raina ke hannunsa, binta yake yi. Ina kan dutse na ga ta zagaya ta ɓullo masa ta baya, a daidai inda ƙaninsa ya faɗi, can tsakiyar fadama. Ya ji zuwanta, ya gan ni ina yi masa nuni, yana da damar juyawa bai juya ba." Ya miƙa wa Sarki wani guntun ƙarfe, ya ce, "Wannan kuma a ƙirjinta muka ciro shi, naman ya fara rufe shi. Tsinin mashi ne, da alamar gidansu. Nomau ya soke ta gaba da gaba kafin ya bi ta."

Aka ajiye kan ɓaunar a tsakiyar fada, ƙahoni biyu lafiya lau, ba wanda ya ko tsage. Waziri ya dubi Jarmai, wanda dogarai suka tsinto a cikin wata gonar rogo, ya ce, "Jarmai, wanne ne ka karya?"

Sarki ya sa aka tuɓe wa Jarmai riga, aka juya shi gaba da baya, ba tabo ko ɗaya. Sarki ya ce, "Ka bar yaro ya shiga shi kaɗai, ka bi ungulu ka ɗauko gawarsa, ka ɗora masa gudunka. A kife garkuwarsa yana raye, ya riƙa wucewa ta ƙarƙashinta yana gani. Waɗanda suka yi masa shaida su ajiye makamai." Ya ƙara da cewa, "Daga yau ba za a yanke wa gawa hukunci da rauni ba, sai an je an ga inda ta faɗi da inda sawunta ya nufa. Duk garkuwar da ke kife a ƙofar nan a sake bin labarinta."

Anaruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na kife su. Wasu cikinsu ban san ko…" Bai ƙarasa ba ya yanke jiki ya faɗi.

Aka ɗauke shi zuwa ƙofar gari, ganga tana tafe a gaba. Ba shi da ƙarfin hawa tsani, saboda haka Sarki da kansa ya hau, ya kwance garkuwar Nomau ya juyo da fuskarta waje. Anaruwa yana kwance yana kallo har aka gama ɗaurewa. Da aka sunkuya a gaya masa an gama, ya riga ya cika.

Sai jama'a suka dare, ga Inna Yarbaba tafe da sandarta. Ta tsaya a ƙarƙashin ƙofar, ta ɗaga kai ta dubi garkuwar autanta, sa'an nan ta dubi makarar. Ta tambayi Waziri, "Ina rauninsa?"

Waziri ya ce, "A baya, Inna. Irin na ƙaninsa."

Ta gyaɗa kai. Ta durƙusa da ƙyar, ta janye mayafin, ta dubi fuskar da ta yi shekaru tana kawar da ido daga gare ta. Ta sa tafin hannu ta share masa lakar da ke goshinsa. Mata suka matso za su ɗaga ta, don ba a san uwa da kukan ɗan fari a bainar jama'a ba, ta ture hannunsu.

Ta ce, "Anaruwa." Ta sake faɗa da ƙarfi, yadda duk wanda ke ƙofar zai ji, "Anaruwa, ɗana."